Baƙar Mota, Ƙurar Hunturu da Ladan Mai Wanki



Da wuya a buɗe littafin soyayya a rasa baƙar mota a ciki. Ita ce ke kawo Alhaji zance, tana ɗaukar ido, yaran unguwa suna kallon fuskokinsu a jikinta. Abin da labari bai cika faɗa ba shi ne halin da motar ke shiga bayan wata shida a hannun mutumin Gwarzo ko Kabo. Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Kabuga ta ratsa Janguza da Rimin Gado ta nufi Gwarzo ya san amsar. Baƙin ya dusashe, in rana ta haska murfin inji sai ka ga siraran zane-zane kamar saƙar gizo. Mai mota ya ce ƙura ce, ko ya ɗora wa yaron da ke wanke masa. Mu a ganinmu, mafi yawan laifin yana wuyan mai motar, domin shi ke da halin sayen kayan wanki, shi kuma ke yanke ladan aikin.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne. Akwai na shimfiɗa, akwai launin, sannan akwai wani garai-garai a sama wanda shi ne ke ba da sheƙi, kuma kaurinsa bai kai silin gashi ba. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana ɗauke da ɓarɓashin yashi da ya fi wannan fentin tauri. Saukarta kawai ba ta cika yin ɓarna ba. Ɓarnar tana farawa ne da sassafe, lokacin da aka ɗauki busasshen tsumma aka murza ta a jikin motar don a fita da ita tsaf. Farar mota ma tana samun wannan ƙarzanewa, sai dai tana rufa asiri. Baƙa ba ta ɓoye komai.

A leƙa inda ake wankin mota a bakin titi. Bokiti ɗaya ne, da tsohuwar singileti, da omo. Da tsumman da aka wanke taya ake komawa rufin mota, yashin yana maƙale a jikinsa. Omo an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, saboda haka yana kwashe duk wani man kariya da ke kan fenti. Ga rana tsaka, ƙarfe ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, ruwan rijiya ya bushe nan take ya bar fararen ɗige-ɗige. Amma kafin a zagi yaron, a tuna cewa sau da yawa jarka-jarka yake sayen ruwa wajen 'yan garuwa, kuma da ciniki aka rage masa ladan. Wanda aka biya kuɗin bokiti ɗaya ba zai kashe bokiti huɗu ba.

Wankin da ke tsare fenti ba shi da wani sirri. A kai motar inuwa, da safe ko da yamma, jikinta ya huce. A fara kwarara ruwa zalla daga sama zuwa ƙasa har ƙurar ta sauka, kafin hannu ya taɓa ta. A ajiye bokiti biyu, ɗaya da sabulun mota, ɗaya da ruwan ɗauraye tawul duk bayan shafa. Tawul ɗin ya zama mai laushi, na tayoyi kuma daban. A riƙa jan hannu a miƙe, ba tare da dannawa ba. Da an ɗauraye a tsane da wani tawul busasshe kafin iska ta busar.

Sai batun kakin mota. Mafi shahara cikinsa ana samo shi ne daga ganyen wata bishiya dangin dabino da ake kira karnauba, a arewa maso gabashin Brazil. Ana shafa shi siriri a kan mota mai tsafta, a bar shi ya ɗan yi hazo, a goge. Shi ke karɓar rana da kashin tsuntsu a madadin fenti, kuma a zafinmu bai cika wuce wata biyu zuwa uku ba. Gwajinsa mai sauƙi ne: in an zuba ruwa ya dunƙule ɗigo-ɗigo, yana nan, in ya baje ya kwanta, ya ƙare. A shafa kafin hunturu, a sake kafin damina. Kada a haɗa shi da folish ɗin da ake gogawa da inji, domin shi yana kankare fentin saman ne, kuma yawan yinsa garin neman gira ne a rasa ido. Wanda ya sayi 'yar Kwatano da aka yi wa sabon feshi ya jira wata biyu ko uku kafin ya sa kaki. Inuwar darbejiya ma da sharaɗi, don 'ya'yanta da kashin tsuntsayen da ke kanta suna cin fenti in suka daɗe a kai. Tamfol kuma ba a lulluɓa shi a kan ƙura.

Wani zai ce wannan hidimar ta yi yawa a garin da ake sayen ruwan sha. Maganarsa tana da nauyi, amma abin da muke kira a yi shi ne rage yawan wanki. Wanki mai kyau sau ɗaya a mako ya fi gogar tsumma kullum, sauran kwanakin a haƙura da ƙurar. Ranar sayarwa fenti dillali ke fara dubawa, kuma motar da aka sake wa feshi mai saye yakan zarge ta da haɗari ya rage kuɗi. Wanda ba zai iya haƙurin nan ba ya sayi fara ko ruwan azurfa, babu abin kunya a ciki.

Wanda ya zaɓi baƙa kuwa, ya sayi bokiti biyu da tawul uku da sabulun mota ya ajiye a but. Ya nuna wa yaron yadda yake so a yi, ya biya kuɗin ruwa daban, ya ƙara masa lada gwargwadon lokacin da aikin ya ci. Mutumin da ya zuba miliyoyi a kan mota bai kamata a same shi yana ja-in-ja da mai wanki a kan 'yan canji ba.

Sai mun ji naku ra'ayin.