Gyaran Sitiyari: Araha Ba Ta Ado

Motocin da ke jigilar manoma tsakanin Ɗambatta, Bichi da ƙauyukan Kunchi suna shan wuya a hanyoyin burji. Da zarar robar da ke rufe sandar sitiyari ta yage, sai yashi ya shiga, mai ya riƙa yoyo, sitiyari ya yi tauri. Daga nan ko dai bakanike ya kwance ya sake robobi, ko kuwa a tafi Ƙofar Ruwa a Kano a sayo wani.

A Turai, wanda aka sabunta a masana'anta sai an gwada shi kafin a sayar, tare da garanti. Amma yawancin abin da ake kira "Beljiyam" cirowa kurum aka yi daga tsohuwar mota.

Saboda haka sandar ce abin dubawa. Muddin ba ta lanƙwashe ko ta yi tsatsa ba, gyara ya fi, kuɗin kuma ya zauna a gida. In ta cinye, sababbin robobi ba za su daɗe ba. Tilas a sake, bisa sharaɗin mayarwa.

Wajibi ne jami'an duba motoci su sa ido, domin ranar kasuwa rayuka da yawa ne ke rataye a wannan sanda.