Gara Ba Ta Yin Sallama

Ƙasar Bagudo tana cikin Jihar Kebbi. Kogin Kwara ya ratsa ta, ta kuma yi iyaka da Jamhuriyar Benin, wadda a ke kira Dahomey kafin shekarar 1975. Wanda ya bi hanyar Tsamiya zuwa Segbana ya kan ga suri nan da can a cikin daji, wani har ya fi mutum tsawo. Suri shi ne birnin gara. Ita kuwa babu ruwanta da iyaka, yadda ta ke cin azara a Illo haka ta ke ci a ƙetare.

Waɗansu mutane, in ɗaki ya rufta ko hatsi ya lalace, sai su ce gara ce ta auka musu dare ɗaya. Wannan magana ba daidai ba ce. Gara ta kan daɗe tana aiki kafin ɓarnarta ta bayyana, kuma ba ta tafiya sai ta bar alama. Abin da ya ke faruwa shi ne, babu wanda ya duba.

Jikin gara laushi gare shi, ba ya jure wa rana ko busasshiyar iska. Saboda haka in za ta hau bango sai ta gina wa kanta rufaffiyar hanya da jiƙaƙƙiyar ƙasa, siririya kamar fensir. Duk yaron da ya ga irin wannan zane a jikin bango, ko a ƙafar gado, to, ya ga gara. Itace kuwa daga ciki ta ke cinsa, ta bar bayansa sumul kamar babu abin da ya same shi. In an ƙwanƙwasa ƙyaure aka ji yana amo kamar ganga, an riga an yi masa aiki. Da farkon damina kuma shinge ya kan fito ya kewaye fitila. Yara suna murna da shi, gama da daɗi in an soya. Amma shinge gara ce mai fiffike, wadda ta fito neman wurin kafa sabon gida. In daga cikin ɗaki ya ɓullo, gidan gara yana ƙarƙashin daɓen.

Mutanen dā ba a banza su ke ɗora rumbu bisa duwatsu ba, su kuma zaɓi azarar giginya domin rufi. Sai dai dutse ba ya tsaron kansa. Gara ta kan gina hanyarta a jikinsa ta hau, in ba a leƙa ƙarƙashin rumbun ba. Manomin da ya sha wahalar noman gero da dawa, sa'an nan ya ƙi sunkuyawa sau ɗaya a mako, yana iya rasa abincin iyalinsa tun damina ba ta faɗi ba.

Yawancin wannan tsaro aikin 'yan makaranta ne. Su janye itacen girki da karan dawa daga jikin bango, su ɗaga tabarma su share ƙarƙashinta, akwati da littattafai kuma a ɗora su bisa benci. Kada a bar ruwan randa yana kwanciya a gindin bango, domin gara tana son laima.

Wanda ya ga hanyar gara ya kankare ta, amma kankarewa kaɗai ba ta isa ba. Sarauniyarsu tana can cikin ƙasa tana zuba dubban ƙwai kowace rana, gobe ma za a sāke gini. Sai yaro ya bi hanyar har inda ta fito, ya nuna wa babansa. Maganin gara da a ke sayarwa a kasuwa guba ne. Manya kaɗai ke taɓa shi, su ma a ƙasa za su zuba, nesa da rijiya, ba kuwa a cikin hatsi ba.