Darasin Chernobyl: Tabon da Nukiliya Ta Bari a Wuyan Yara

A ranar 26 ga Afrilun 1986 tashar nukiliya ta Chernobyl da ke Yukren ta yi bindiga. Mahukuntan Tarayyar Sobiyet suka ja bakinsu suka yi shiru, sai da na'urori a ƙasar Suwidin suka tona asiri bayan kwana biyu. Burbushin sinadarin aidin mai guba ya sauka kan ciyawa, shanu suka ci, yara suka sha madara.

A gaban wuyan mutum akwai wani ƙulli, tayirod, wanda idan ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinsa zuƙar aidin, kuma bai san mai kyau da mai guba ba. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce daga 1991 zuwa 2015 an samu kusan mutum 20,000 da sankarar wannan ƙulli a Belarus da Yukren da sassan Rasha, cikin waɗanda suke yara lokacin hatsarin. Kimanin ɗaya cikin huɗu tururin ne sanadi.

A 2021 masu bincike ƙarƙashin jagorancin Cibiyar Nazarin Sankara ta Amurka suka wallafa sakamako a mujallar Science. Sun duba ƙari 440, ciki har da 359 na waɗanda tururin ya shafa. Suka gano cewa tururin yana tsinka zaren ƙwayar halitta gida biyu. Wajen ɗinki sai jiki ya yi kuskure, ya haɗa guntayen da ba 'yan'uwan juna ba, daga nan sankara ta samu gindin zama. Gwargwadon yawan tururin da ƙanƙantar yaro, gwargwadon ɓarnar.

Akwai kuma abin kwantar da hankali. Wani binciken da aka fitar tare da wannan ya duba 'ya'ya 130 da iyayen da tururin ya shafa suka haifa daga baya, bai ga ƙarin sauyin halitta a jikinsu ba.

Abin takaici shi ne, da yawan wannan ciwo da an kauce masa. Gubar aidin ɗin tana raguwa da rabi duk kwana takwas. Da an hana shan madarar yankin na 'yan watanni, da yara da dama sun tsira. Foland ta gaggauta bai wa miliyoyin yaranta aidin mai tsafta domin ƙullin ya ƙoshi kafin gubar ta iso.

Yau tashar Zaporizhzhia tana tsakiyar fagen daga, ƙasashe irin su Najeriya da Ghana kuma suna maganar gina tashoshin nukiliya. Ba mu ce kada a gina ba. Amma kafin a aza tubali, a tanadi hukumar sa ido mai cin gashin kanta, da ajiyar ƙwayoyin aidin, da dokar da za ta tilasta sanar da jama'a nan take. Gwamnatin da ba za ta iya faɗa wa talakawanta gaskiya ranar tashin hankali ba, ba ta isa riƙe makullin tashar nukiliya ba.