Hantar da Ake Jefa wa Kare



Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwata ranar kasuwa, a Giade ko Isawa ko Azare, ya san abin da zan faɗa. Mahauci ya feɗe tunkiya, ya ga wasu ƙulle-ƙulle cike da ruwa a hanta ko huhu, sai ya yanke wurin ya wurga wa karnukan da ke jira a gefe. A ganinsa ya tsare lafiyar mai saye. To, abin da ke cikin ruwan nan 'ya'yan tsutsa ne. Kare na haɗiyewa, kafin wata 2 sun girma a hanjinsa, ƙwayayensu sun fara fita a kashinsa. Iska da ruwan damina su baza su a makiyaya, tumaki da awaki da shanu su kwashe tare da ciyawa. Yaron da ya yi wasa a ƙasa, ya zauna gaban tuwo bai wanke hannu ba, shi ma ya haɗiya. A hantar mutum ƙullin yakan yi shekaru yana girma shiru, wani lokaci sai tiyata ke raba shi da shi.

Makiyayi ma ya san tunkiyar da ke ta juyi wuri guda kamar mai hajijiya. Sau da yawa wata tsutsar kare ce ta shige ƙwaƙwalwarta. In an yanka aka bai wa kare kan, cutar ta koma garke.

Malamanmu sun karantar da mu cewa an halatta ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. Wanda ya ajiye kuwa, haƙƙinsa na wuyansa. Ina jin takaicin ganin maharbi ya ba da kuɗi mai yawa ya sayi kare, amma ɗan kuɗin maganin tsutsa ya gagare shi.

Kwikwiyo kuma kan fito da wata tsutsar daban tun daga cikin uwa, ya ƙara samu a nono. In ka ga ciki ya kumbura, jiki ya rame, dasashi ya yi fari fat, ita ce ke cinye shi. Ana fara ba shi magani yana da mako 2, a maimaita duk bayan mako 2 har ya kai wata 3, sannan duk wata har wata 6. Babban kare kuma duk bayan wata 3, gwargwadon nauyinsa.

A kula da wannan: allurar ivermectin da muka saba yi wa dabbobi tana taimakawa kan ƙazuwa da wasu tsutsotsin, amma ba ta kashe wadda ake samu daga hantar kwata. Wannan sai praziquantel. A tambayi malamin dabbobi da sunansa, a kuma nemi rigakafin haukan kare a tafiya guda.

Sarakunan fawa, wannan roƙo gare ku yake: a haƙa rami mai zurfi a kowace kwata, duk hanta ko huhu mai ƙullin ruwa a binne ko a ƙone. Magidanta ma su yi haka a gida ranar layya.