Dirka da Aikatau "To Be": Inda Ɗalibi Bahaushe Yake Tuntuɓe

Sau da yawa malamin Turanci yakan jera am, is, are, was da were a kan allo, ya sa yara su yi ta rerawa har a kaɗa ƙararrawa. Washegari kuma sai yaro ya rubuta masa "He is here yesterday". Laifin ba na ƙwaƙwalwar yaro ba ne. Nahawun Hausar da ya tashi da shi ne yake aiki, kuma ba a taɓa nuna masa inda ya saɓa da na Turanci ba.

Abin da ya fi kusa da wannan aikatau a Hausa shi ne dirka, wato ne da ce, wadda M.K.M. Galadanci ya yi bayaninta a littafinsa na nahawu na 1976. Sai dai dirka ba aikatau ba ce. Jinsi da adadi take nunawa: Audu malami ne, Binta malama ce, su malamai ne. Ba ruwanta da lokaci. In ana nufin abin da ya shuɗe, sai a ce "A da Audu malami ne", dirka tana nan yadda take. Turanci kuwa bai damu da jinsi a nan ba, amma dole is ta koma was, are ta koma were. Ke nan yaron da ya rubuta yesterday yana ganin ya riga ya sauke nauyin lokaci, kamar yadda "jiya" take sauke shi a "Jiya Talata ce".

Bugu da ƙari, aikin da "to be" yake yi shi kaɗai, Hausa ta rarraba shi gida-gida. "She is in the market" tana kasuwa ke nan. "There is water" akwai ruwa. "I am hungry" ina jin yunwa, "I am ten years old" kuwa shekarata goma, babu ko dirkar. Haddar kalmomi biyar ba ta isa ta warware wannan ba.

Wasu na ganin shigar da Hausa cikin darasin Turanci yana sangarta yara. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, in malami ya mayar da darasin fassara zalla. Amma kwatanta harsuna wani abu ne daban, kuma tun 1957 Robert Lado ya yi nuni da cewa inda harsuna biyu suka saɓa, nan ake sa ran mai koyo ya sha wuya.

Saboda haka ɗalibin da ya haɗa Hausa da Turanci a kwaleji yana da makamin da wasu ba su da shi. Ya raba allo biyu, ya rubuta "Yau yana gida" da "Jiya yana gida" a gefe guda, ya bar yara su gano da kansu cewa "yana" ba ta sauya ba, alhali a ɗaya gefen is ta zama was.