Busa Ba Roƙo Ba Ne

Wata yarinya 'yar makaranta ta aiko mini da takarda daga Sabon Gari. Ta ce malaminsu ya zaɓe ta cikin masu koyon busa na makaranta, amma uwarta ta hana, wai busa aikin maroƙa ne, kuma wadda ta shiga ba za ta sami mijin kirki ba. To, bari mu duba zancen nan a tsanake.

Mu mutanen Zazzau ba baƙin busa ba ne. Kowa ya san kakaki, wanda ba a busa shi sai ga sarki. Mun san mai algaita, yadda ya kan cika kumatunsa da iska yana shaƙar wata ta hanci, har muryar algaitar ba ta yankewa. Mun kuma san badujalar soja, domin tun 1924 a ke horon sababbin sojoji a nan Zariya. Ran da su ke fareti, yara har da manya kan tsaya kallo, ba mai cewa roƙo su ke yi.

Abin da iyayenmu mata ke gudu shi ne roƙo, watau mutum ya bi mai kuɗi da kirari don a ba shi. Amma busan makaranta dabam ne. Darasi ne kamar lissafi, a kan karanta shi a rubuce, ba a kuwa karɓar ko kwabo.

A Amurka, cikin 1952, wani malami mai suna Frederick Fennell ya kafa ƙungiyar mabusa ta ɗalibai a makarantar kiɗa ta Eastman, a Jami'ar Rochester. Sunanta ya kai ƙasashe da yawa. Dabararsa ita ce, maimakon taron mutane su busa abu guda, kowane ɗalibi a ba shi nasa kashi shi kaɗai. In ya yi kuskure kowa ya ji, ba wanda zai ɓuya a bayansa. Saboda haka tilas ya zo kan lokaci, ya maimaita darasinsa, ya kuma kasa kunne ga na kusa da shi. Da haka su ka yi suna.

Ashe, ba halin da mu ke so 'ya'yanmu su tashi da shi ke nan ba? Yarinyar da ta iya riƙe nata kashi, ta kuma san lokacin da za ta yi shiru don wata ta shiga, ba za ta kasa riƙe gida ko aji ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello nan a Samaru tun 1962, 'ya'yanmu mata na shiga suna fita da digiri. Wannan natsuwa za ta taimake su can.

Shawarata ga Inna ita ce, kada ki yanke hukunci daga ɗaki. Ki je makarantar da kanki, ki ga malamin, ki tambayi lokacin koyo da waɗanda a ke koyo tare da su. In da rana ne, a gaban malamai, ki yi haƙuri ki bar ta.

Ke kuma ƙanwata, kada ki yi wa mahaifiyarki gardama. Ki roƙe ta da ladabi, ki kuma tabbata sakamakon jarrabawarki bai yi ƙasa ba. In ya yi, ni ma ina bayan Inna.

Allah ya shirya mana zuriya, amin. Sai mako mai zuwa.