Ɗan Majalisa, Kawo Lissafi

A Gidimuni mun san ɗan majalisa da abu biyu: zuwa gaisuwar mutuwa da rabon buhun shinkafa da azumi. Ni dai ban yarda wannan ne aikinsa ba. Aikinsa yin doka, duba kasafin kuɗi, da yi wa ministoci tambaya a Yamai.

Tsarin zaɓen ma ya taimaka masa wajen ɓuya. A zaɓukan da aka yi kafin 2023, jiharmu ta Damagaram kusan duka mazaɓa ɗaya ce, jerin sunayen jam'iyya muka riƙa jefa wa ƙuri'a. In manomin lambu a bakin tafkin Gidimuni ya rasa hanyar kai kabeji da dabinonsa kasuwa, wa zai tuhuma?

A 2008, lokacin Mahamane Ousmane na shugabancin majalisa, 'yan majalisa suka ƙara wa kansu alawus. Ƙungiyoyin farar hula suka fito zanga-zanga, Kotun Tsarin Mulki ta ce dokar ta saɓa wa tsarin mulki.

Sojoji sun rusa majalisa a Yulin 2023. Duk ranar da ta dawo, jama'ar Gidimuni, mu nemi a karanta mana a rediyo da Hausa: zama nawa kowane ɗan majalisa ya halarta, me ya faɗa, nawa ya karɓa. Wanda ya ƙi, mu hana shi ƙuri'a.